Tukwanen Gas na Kawu Idi

Tun da na dawo daga Umara ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya tare ni ya ce, "Malama Bilkisu, ya Makka? Wai da gaske ne tsoho kika je kamowa?" Wanda na ba dabino ya tambaya, wanda ban ba ba ma ya fi tambaya. Na kuma lura kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakina, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru, tun ban fara yi masa gishiri ba.

Gaskiya ne ibada ce ta kai ni, amma da saƙo na tafi. Mahaifiyata, Inna, ƙane ɗaya gare ta a duniya, Kawu Idi, wanda ya tafi aikin Hajji tun ina goye bai dawo ba. Ya zauna can ba takarda, irin waɗanda ake ce wa takari, yana gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Muryarsa kawai muka sani, da a kaset, daga baya a waya. Yanzu Inna ta tsufa, ido ya tafi, ƙafa ma sai a hankali. Ranar da zan tashi ta kama hannuna ta ce, "Ban aike ki zamzam ba, ban aike ki dabino ba. Idi nake so. Ki ce masa ina so in taɓa shi da hannuna kafin a rufe ni." Na ce mata an gama, da ƙarfin gwiwa irin na malamar makarantar da ta saba in ta ce a miƙe a miƙe.

Daga Funtuwa muka kama hanyar Kano a wata bas da direbanta ya rantse akwai sanyi a ciki. Da gumi ya fara tsiyayo mana muka matsa masa, sai ya ce ai na'urar lafiya lau take, gas ɗinta ne ya zurare. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Tabawa, mai sayar da man gyaɗa, wadda ta je Makka har ta daina ƙirgawa. Ita ta karɓi ragamata tun daga nan. Ita ta ce in raba daddawar da na ɗauko gida biyu in naɗe a zani, ita ta hana ni sayen ruwa a filin jirgi, ita ce kuma ta kalli lallen da aka yarfa min a yatsu na bankwana ta girgiza kai.

Ni matsoraciyar jirgi ce, ban ɓoye wa kowa ba. Amma da ya gama hawa ya daidaita, gajimare ya koma ƙarƙashinmu, na manna goshi a taga na ɗaga ido, sai tsoron ya sake ni. Shuɗin can sama ba irin wanda muke gani daga tsakar gida ba ne. Ya fi duhu, kamar zanen da aka daɗe ana tsomawa a baba. Shekara da shekaru ina koyar da kemistiri, ina zana wa 'yan mata wannan wuri da alli: nan ƙasa, nan inda hadari ke haɗuwa, sama da shi kuma wani sarari mai shiru, ba ruwa ba guguwa, inda wata siririyar iska mai suna ozon take tace mana hasken rana, ta tare wanda ke ƙona fata. Ina gaya musu yadda gas ɗin tsofaffin firij ya hau can ya riƙa cinye ta. Ban taɓa kusantar wurin kamar ranar ba. Na ji kamar in miƙa hannu in shafa.

Hajiya Tabawa ta zungure ni. "Ke me kike ta leƙe tun ɗazu? Ko har kin hango Makkar?"

Na ce, "Rufin duniya nake kallo, Hajiya."

Ta ce, "To ki duba mana da kyau ko yana yoyo," ta ja bargo ta rufe fuska.

A Jidda ne lallena ya nuna min halinsa. Ma'aikaciyar shige da fice ta ce in ɗora yatsu a kan gilashi, na ɗora, na'ura ta ƙi ni. Na sake, ta ƙi. Matar tana cewa wani abu da Larabci, ni ina cewa "Na'am, na'am," layi yana tsawo a bayana, Hajiya Tabawa tuni ta wuce tana hango ni tana riƙe baki. Na ce shi ke nan, ga ni a ƙofar Makka lalle zai mayar da ni gida. Can matar ta kama hannuna da kanta, ta goge yatsun da wani ruwa mai sanyi, ta danna ɗaya bayan ɗaya har abin ya karɓa. Kafin ta saki hannun sai ta juya shi ta ƙare wa zanen kallo, ta zame safar hannunta ta nuna min nata. Muka yi dariya ba mai jin yaren wani.

Ba zan ce zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba. Waɗanda suka je sun sani, waɗanda ba su je ba Allah ya kira su. Abin da zan iya faɗa shi ne da hantsi muka yi ɗawafi, rana ta take, amma dutsen da ke ƙarƙashin ƙafata sanyi ƙalau. Ina tafiya cikin mutane kamar ba ni ke ɗaga ƙafar ba, na manta sunana, na manta garinmu, tsuntsaye suna kewayawa a sama. Da muka shiga tsakanin Safa da Marwa wata iska mai sanyi ta riƙa busowa daga inda ban gani ba. A nan Kawu Idi ya faɗo min a rai. Na ce duk sanyin garin nan da hannun mutane ake yinsa, kuma ɗaya daga cikin hannuwan namu ne.

Bayan mun kammala na rabu da ayarinmu a tashar motocin Kudai, inda Mansur ya zo ɗaukata. Mansur shi ne wanda muke kiran wayarsa in muna neman Kawu. A wurin Kawu ya koyi sana'a yana saurayi, yanzu yana aikin sanyi a wani babban otal. Haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, kakansa ne ya taka da ƙafa tun daga Katsina. Ga farar jallabiya, ga tafiyar Larabawa, amma fuskar nan in ka gan ta a kasuwar Bakori ba za ka waiwaya ba.

Ya ce, "Ahlan, ya abla, sannu da zuwa. Kin gaji marra, yalla mu je bait."

Gidansu a unguwar Zahir yake, hawa na uku. Matarsa Salma ta tarbe ni da gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, kuma ko rabi ba ta cika ba. A raina na ce oh, rowar birni har ta kai nan? Na shanye na miƙa mata, ta ƙara. Na shanye don kunya, ta ƙara. Ga ɗaci, ga kunya, har zuciyata ta fara bugawa. Sai da Mansur ya leƙo ya ga halin da nake ciki ya ce in na ƙoshi girgiza kofin ake yi. A wurinsu cika wa baƙo kofi kamar ce masa aka yi ya sha ya tafi. Na ce mu kuwa a gida in ba a cika maka kwano ya yi tozo ba sai ka yi shekara kana ba da labari.

Suka shimfiɗa leda a ƙasa aka juye shinkafa da kaza, aka kawo wani faffaɗan burodi da wake markaɗaɗɗe, har da tsire irin namu da ƙuli-ƙulinsa, wanda Salma ta ce duk Makka an san na Hausawa ne. Da na kwance zani na fito da daddawa da kuka, Salma ta kai hanci, sai ga hawaye. Ta ce ƙamshin ɗakin kakarta ne. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta gaji kalmomin da ni ma rabona da jin su tun ina yarinya, sai ta jona su da Larabci ta wuce abinta. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne ƙofofi. Kowa a kulle, ba zaure, ba mai leƙowa ya ce ina kwana. Da rana unguwar tsit, ba ka jin komai sai gurnanin mukayyif, wato na'urar sanyi, daga kowace taga.

Washegari Mansur ya kai ni Ka'akiyya, unguwar da Kawu yake. Muka bar manyan tituna muka shiga lunguna, muka ajiye mota muka hau tudu da ƙafa. A bakin wata ƙofar ƙarfe wani ɗan tsoho yana zaune a kan mataccen injin firij. Ba sai an gaya min ba. Wushiryar Inna ce a bakinsa, kunnuwan ma nata ne.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona ya ce, "Balki? Balkin da na bari tana tsotson yatsa?" Ya miƙo hannu ya dafa kaina. Bayan hannun duk fararen tabo ne, inda sanyin gas ya ƙona shi.

Ɗakinsa tsaf, katifa, buta, akwatin kayan aiki. Matarsa Hajara ta rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba, baya kuma ya hana shi aiki mai nauyi. Ban tsaya kewaye-kewaye ba, na isar da saƙon Inna kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai. Can ya miƙe ya ce, "Zo ki gani."

Ya buɗe wata ƙuryar ɗaki ya yaye tsofaffin barguna. Tukwanen gas ne jere, wasu kan wasu, an ɗaure su da igiya tun daga bango har bakin ƙofa. Na ciki sun yi tsatsa, na baki da sauran fentinsu.

Ya ce, "Da can in za mu gyara tallaja, firij ke nan, yanke bututu muke yi gas ya yi tafiyarsa. Kowa haka yake yi, ba wari ba hayaƙi, wa ya damu? Wata rana ina aiki rediyona a kunne, na ji ana bayani da Hausa cewa gas ɗin nan hawa yake yana ɓula rufin da Allah ya yi wa bayinsa. Balki, jikina ya mutu. Na ce ni da na zo maƙwabtaka da ɗakin Allah, ni ne ke ɓula sama a kansa? Daga ranar na haɗa tsohon inji da bututu, duk tallajar da ta zo hannuna sai na zuƙe gas ɗinta na ɗura a tukunya. Ga su nan. In na tafi wa zan bar wa?"

Na ce, "Kawu, me ya hana ka kai wa hukuma?"

Ya yi 'yar dariya. "Da wace igama? Wanda ba shi da takardar zama ya ɗauki tukwane ya nufi ofis? Masu saye kuwa suna nan, har roƙona suke yi. Su ɗura a ruɓaɓɓiyar tallaja, wata ɗaya ya zurare. Mansur ya ce akwai kamfanin da ke karɓa, na ce ƙarya ne, sayarwa za su yi. Iska ce fa, ya za a yi a kashe iska?"

Mansur, wanda ke kiran Kawu da Ammu, ya ɗaga kafaɗa ya ce min, "Kin gani? Ammu ko agogon awo ba ya bari a sa musu."

Kawu ya ce, "Duk sa agogo sai ya yi fis. Wannan fis ɗin ma ban yarda ya fita ba. Ba a taɓawa, ba a motsawa." Ya mayar da bargunan a hankali.

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Uwata tana can tana kasa kunne ga kowace sallama, shi yana nan yana gadin ƙarafa. Na koma Zahir ina cika ina batsewa, har Salma ta ce in sha ruwa tukuna.

Da na sake komawa wurin Kawu na same shi a saman rufin gidan bayan la'asar. Rana ta yi laushi, duwatsu sun yi ja, can nesa ana hango doguwar hasumiyar Harami, tantabaru suna ta sauka a kan tankunan ruwa. Na zo da niyyar faɗa, amma wurin ya kashe min baki. Shi ya fara magana, idonsa a sama.

"Yaya ta ce ke malamar irin waɗannan abubuwa ce. Gas ɗin da muka saki kafin mu sani, yana ina yanzu?"

Na zauna na gyara murya kamar ina aji. Na ce masa gas ɗin nan ruwan sama ba ya wanke shi, ba ya ruɓewa, ba abin da ke cinsa a nan ƙasa. Iska ce ke ta yawo da shi, a hankali wani ya samu hanya ya hau, ya yi shekaru yana hawa, har ya wuce gajimare ya kai inda hasken rana ke da kaifi. A can ne hasken ke fasa shi, abin da ya fito daga ciki ya shiga cin ozon. Na ce irin na tsofaffin firij yakan kai wajen shekara ɗari kafin ya ƙare.

Ya ce, "Ɗari." Sai ya ci gaba, "Akwai wata tallajar mai shago a Kudai da na je gyarawa ina saurayi. Ina durƙushe na yanke bututu, gas yana fita, sai ga wata yarinya ta shigo sayen ƙanƙara ta ce, 'Malam, sannu da aiki,' da Hausa. Hajara ke nan. Wannan gas ɗin yana nan?"

Na ce, "Fiye da rabinsa yana nan, Kawu. Wani yana can sama, wani yana yawo, wataƙila ya kewaya duniya ba adadi."

Ya ce, "Ita ta tafi, shi yana nan." Ba da baƙin ciki ya faɗa ba, murmushi ma yake yi. Muka zauna muna kallon sama mu biyu, ni ma sai na riƙa ganin kamar duk ranakun da suka wuce suna can suna shawagi, ranar aurena, ranar da Kawu ya bar gida, ba wadda ta ɓata.

Ya tambaye ni ko ɓular tana saitin Harami. Na ce a'a, can ƙarshen kudu take, kan wata ƙasar ƙanƙara da ba gari. Ya sauke ajiyar zuciya. Na gaya masa tun da ƙasashen duniya suka haɗu suka daina yin gas ɗin, akwai masu aunawa kullum, da balan-balan da tauraron ɗan Adam. Shekaru da yawa adadin gas ɗin a sama hawa yake ta yi, ko bayan an daina yinsa sai da ya ƙara hawa, saboda wanda ke hanya bai gama isa ba. Wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya tsaya, sannan ya fara sauka kaɗan-kaɗan, yadda in shekara ɗaya ka duba ba za ka ga komai ba, sai ka jera shekaru. Ya ce yaushe ɓular za ta rufe? Na ce ana sa ran wajen tsakiyar ƙarnin nan, can kudu ma sai bayan haka, ni kaina ban san ko zan gani ba.

Sannan na ce masa iska ana kashe ta. Akwai tanda mai tsananin zafi da ake ƙona gas ɗin a ciki ya wargaje, ba ya sake komawa yadda yake. Ya juyo ya kafa min ido. "Ke kika ce, ba kamfani ba?" Na ce ni na ce. Na ce in an karɓa za ka bi ni? Ya ce, "In amana ta bar hannuna ta shiga inda ya dace, sai in duba."

Mansur bai ɓata lokaci ba. Ya shirya zai kai tukwanen da sunansa, ta hannun masu karɓar tsohon gas na wurin aikinsa. Da safe ya zo da a-kori-kura ya tsayar a gindin tudu. Kawu ya kwance igiyar da kansa yana bismillah, ya koma bakin ƙofa ya zauna. Tukwanen bakin ƙofa nauyi gare su, Mansur yana ɗauka yana nishi, kana jin ruwan gas ɗin yana motsi a ciki. Da ya kai tsakiya ya ƙanƙame wata ya yunƙura da ƙarfi, sai ta taso masa sakayau, saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya girgiza ta. Shiru. Ya taɓa ta kusa da ita, ya taɓa ta bayanta, ya kalle ni. Zafin Makka ya cinye robar bakinsu, tsatsa ta ci wuyansu, ba wanda ya sani tun da ba a taɓawa.

Ya raɗa min, "Abla, kar ki faɗa. Halas, mu ɗauka kamar da nauyi." Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita yana nishin ƙarya. Amma da ya zo wucewa gindinta ya bugi ƙofar ƙarfe, ta yi ƙara ƙwal, irin ta abin da ba komai a ciki. Kawu ya ɗago kai.

Ya miƙe ya shiga ƙuryar. Ya kama wata tsohuwa ya ɗaga ta da hannu ɗaya, shi da ke fama da baya. Ya ajiye, ya ɗaga wata. Ya bi su har bango. Sannan ya zauna a ƙasa a tsakiyarsu.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Mansur ya ce, "Allahu a'alam, Ammu. Shuwayya shuwayya, a hankali."

"Da na sa agogo da na gani. Da na juye su a wasu." Ya kalli silin. "Ashe ina kwance a nan suna wucewa ta kaina."

Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa kusa da shi, da ƙyar na ce masa waɗanda aka samu cike ba za su taɓa hawa ba har abada, kuma shi ya tsare su. Bai motsa ba. Na ce, "Kawu, masu awon nan duk abin da ke sama suke aunawa, ba sa ware na kowa. Sun auna har da wanda ya fita daga ɗakin nan, kuma duk da haka raguwa yake yi."

Ya ce, "Har da nawa?"

Na ce, "Har da naka."

Ya daɗe yana shafa wuyan tukunyar da ke gabansa. Can ya ce, a hankali kamar da kansa yake magana, "Yaya ma haka take tafiya, kaɗan-kaɗan, ina nan zaune ban duba ba." Ya ɗaga kai. "Mansur, ina ake miƙa kai?"

Mansur ya juya mana baya yana goge fuska da gefen rawaninsa, don ya san abin da hakan ke nufi. Wanda ba shi da takarda in zai fita sai ta tarhil, inda ake tsare mutum a ɗauki yatsunsa a sa shi a jirgi, kuma a shekarun Kawu ba maganar dawowa. Kafin Kawu ya tafi muka raka shi maƙabartar da aka binne Hajara. Ni na tsaya daga waje, shi ma da ya shiga bai san takamaiman wurin ba, don can ba a sa alama. Daga nan muka wuce Harami. Ya yi ɗawafinsa a hankali, ina binsa a baya, bai kalli kowa ba. Da ya gama ya tsaya ya daɗe, sannan ya juya ya ce mu je, bai sake waiwayawa ba.

Ni na riga shi dawowa, don ayarinmu ba ya jiran kowa. Hajiya Tabawa ta ce ina tsohon? Na ce yana hanya. Haka na ce wa Inna da na shiga gida, ta laluba bayana ta ji ba kowa, ta juya fuska bango ta ce, "Hanyar nan tasa na san ta." Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba waya a inda Kawu yake tsare, Mansur ma jira yake. Zazzaɓi ya kwantar da Inna, ta rage cin abinci, ni kuma kullum in na fito aji sai in tsaya a filin makaranta ina bin jirage da ido, ina roƙon Allah kada ya iso a makare.

Wata ranar Laraba da azahar, Inna ta ɗan samu sauƙi mun fito da ita inuwar tsakar gida a kan tabarma, aka yi sallama a zaure. Muryar tsoho ce, sallamar kuma ta fito da harshen Larabawa. Inna ta daina jan carbi. Ya shigo da jallabiyar jikinsa da 'yar jakar leda, ya rame, ya tsaya daga nesa kamar baƙon da bai san inda zai sa ƙafa ba. Duk gidan muka zuba ido. Mun san faɗan da ta yi shekaru tana tanadi, mun sha jin ta tana bitarsa.

Ya matso ya durƙusa a gabanta ya ce, "Yaya."

Ta miƙa hannu ta lalubo fuskarsa. Ta shafa goshi, ta shafa gemu, ta sauko kafaɗa har ta kama hannuwansa biyu ta riƙe gam.

Ta ce, "Ka daɗe."

Ya ce, "Na daɗe, Yaya."

Ba ta saki hannun ba. Ta muskuta gefe ta bar masa wuri a kan tabarmar.